Wutar Lantarki Daga Tur'a: A Auna Kafin A Haƙa

Maganar wannan wata wani yaro ne ya jawo mana ita a aji. Muna cikin darasin kimiyya, muna bayanin yadda ruwa ke juya inji har a sami wutar lantarki, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ga tur'a nan tana wucewa ta bayan kambonmu dare da rana. Me ya hana a sa mata inji mu ma mu sami kahraba?" 'Yan aji suka fashe da dariya. Mu dai ba mu yi dariya ba, domin injiniyoyin ban ruwa na ƙasar nan sun daɗe suna yi wa junansu wannan tambaya a kan manyan tur'o'in Jazira da Managil.

Tambayar ta ƙara nauyi a 'yan shekarun nan. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya iso Jazira a Disamban shekarar, kuma duk wanda ya zauna a Hasahisa daga lokacin zuwa farkon 2025 ya san abin da ake kira duhu. Famfon ruwa ya tsaya, injin niƙa ya tsaya, maganin da ke buƙatar sanyi ya lalace. Daga Janairun 2025 kuma jirage marasa matuƙa suka riƙa kai hari a tashar Marawi, can arewa, sai wuta ta ɗauke a garuruwan da ke nesa da ita da ɗaruruwan kilomita. Saboda haka in mutum ya ce gara ƙaramar tasha a kusa da gida da babba a nesa, ba za mu ce ya yi wauta ba. Muna goyon bayan a duba maganar. Abin da muke so mu tattauna shi ne awon da ya kamata a yi kafin a sa diga a ƙasa, wato binciken abin da aikin zai yi wa ruwa da ƙasa da lafiya da abincin mutane.

Bari mu fara da lissafin da muka yi wa yaran a allo, don mai sauƙi ne. Ƙarfin wutar da ruwa zai bayar ya dogara ga abu biyu: yawan ruwan da ke wucewa, da tsawon gangaren da yake faɗowa. Mita kubik ɗaya na ruwa lita 1,000 ne, wato barmil biyar. In tur'a tana wuce da mita kubik 10 a kowane sakan, kuma akwai wurin da ruwan ke faɗowa mita 2, sai ka ninka 10 da 2, ka sake ninkawa da 7 saboda ƙarfin jan ƙasa da asarar da inji ke yi. Ka sami kilowat 140 ke nan. In kowane gida zai kunna ƙwai huɗu da fanka da ƙaramin firji, wannan zai ishi gida kamar 450. Ba abin rainawa ba ne. Amma fa Jazira shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, gangarenta bai wuce taƙi guda ba a kilomita. Ba a samun faɗuwar mita biyu sai a wuraren ƙofofin raba ruwa, irin na Kilo 57. In ana son ta a wani wuri dabam, sai an tare ruwan an ɗaga shi. Daga nan matsala take farawa.

Ƙasashe da yawa suna kiran tasha "ƙarama" in ba ta wuce megawat 10 ba. Indiya ta kai iyakar zuwa 25, Sin kuma zuwa 50. Ka ga ke nan sunan ya danganta da wanda ya raɗa shi. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Sinnar. An gama madatsar a 1925, lokacin ana ce mata Makwar, kuma mutanenmu na Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, suna cikin waɗanda suka yi aikin ƙarfi a wurin da cikin gonakin audugar da suka biyo baya. Sai a 1962 aka sa mata injuna biyu masu ba da megawat 15. In ka jera ta da Rusairis mai 280, ko Marawi mai 1,250, ko ta Habasha mai 5,150, tashar Sinnar 'yar ƙarama ce. To amma katangar da ke tare mata ruwa ta fi kilomita 3 tsawo, kuma tafkin da ke bayanta ya kai har gaban Mai Wurno. Wanda ya auna tasha da yawan wutarta kaɗai bai ga komai ba tukuna. Abin dubawa shi ne ruwa nawa aka tare, har tsawon wane lokaci, kuma ƙasar wa ya hau.

'Yan'uwanmu na Nijeriya sun ɗanɗana wannan a Bakolori, kusa da Talata Mafara, inda aka tare kogin Sakkwato a 1978. Don ban ruwa aka yi madatsar, injunan wutarta kuwa ba su wuce megawat 3 ba. Duk da haka fadamun da ke ƙasa da ita suka rasa ambaliyar da suke noma da ita, shinkafa ta ja baya, kifi ya ragu, kuma a Afrilun 1980 manoman da suka tare hanya suna neman diyyar gonakinsu suka gamu da harsashin 'yan sanda, aka rasa rayuka da yawa.

Mai karatu zai ce, ai mu ba sabuwar madatsa muke magana ba, tur'ar tana nan tun zamanin Ingilishi, inji kawai za a ɗora. Gaskiya ne, kuma wannan ya rage illa ƙwarai. Akwai ma misali mai kyau a Jabal Auliya, a kan Bahar Abyad. Madatsar tun 1937 take, sai a farkon shekarun 2000 aka jera ƙananan injuna 80 a cikin ƙofofinta, suka ba da megawat 30 da ɗoriya, ba tare da an tashi ƙauye ko ɗaya ba. Irin wannan aiki shi ya fi dacewa da mu. Amma ko a tur'a akwai tambayar da dole a amsa ta a rubuce: mabuɗin ƙofa a hannun wa zai zauna?

Ga dalilin tambayar. Mai inji yana son ruwa ya riƙa gudu daidai wa daida, kullum, duk shekara, musamman daga magariba zuwa tsakar dare lokacin da kowa ke kunna fitila. Manomi kuwa yana son ruwa lokacin da alkamarsa ko gyaɗarsa ke jin ƙishi, da yawa a wannan mako, kaɗan a wancan. Waɗannan buƙatu biyu ba kullum suke haɗuwa ba. A Sinnar kanta, ruwan da ya bi ta injuna kogi yake komawa, ba ya shiga tur'ar Jazira. In aka sa inji a tsakiyar tur'a, aka kuma ce kuɗin da aka kashe sai ya fito daga sayar da wuta, to ranar da ruwa ya yi ƙaranci za a ga wanda gafir zai saurara. Mun san wanda ke shan wahala a irin wannan rana: mai hawashar da ke ƙarshen tur'a, wanda ko yanzu sai na gaba sun ƙoshi ruwa ke isa Abu Ishirin ɗinsa, da mai noman rabo da ya zuba guminsa a gonar da ba tasa ba.

Sai maganar lafiya, wadda a ganinmu ita ce ta fi kowace girma, kuma a kanta ne Jazira ta riga ta biya kuɗin makaranta. Yadda aka tsara aikin tun farko, manyan tur'o'i na gudu dare da rana, ƙananan kuma suna tara ruwa da dare don a yi ban ruwa da safe. Ruwan da ya kwana a tsaye laka take kwantawa a cikinsa, ciyawa ta tsiro, dodon koɗi ya sami gida. Abin da ya riƙa taimakon iyayenmu shi ne, a zamanin da auduga da dawa da lubiya kaɗai ake nomawa, daga wajen Afrilu zuwa Yuli ana rage ruwa ƙwarai, ƙananan tur'o'i da yawa su bushe ƙayau. Rana ta kashe ƙwan sauro, ta rage dodon koɗi. Da aka gama Rusairis a 1966 ruwa ya wadata, aka ƙara alkama da gyaɗa, tur'o'i suka daina samun wannan hutu. Cikin shekarun 1970 zazzaɓin cizon sauro ya yi annoba a Jazira, tsargiya kuma ta kai inda a wasu ƙauyuka fiye da rabin mutane ke ɗauke da ita. Shi ya sa a 1979 gwamnati da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa shirin lafiya na Bahar Azrak, mai hedkwata a Wad Madani, wanda ya shekara goma yana feshi, yana raba magani, yana haƙa rijiyoyi. Mu da muke yara a ƙarshen wannan shiri muna tuna ranar da ake jera mu a filin makaranta, kowa da 'yar kwalbarsa a hannu. Ciwon ya ragu sosai, da shirin ya ƙare kuma ya fara dawowa.

To, injin wuta ba ya son tur'a ta bushe ko na mako guda. In an ɗaga ruwa a bayansa don a sami gangare, gudun ruwan zai ragu na tsawon kilomitoci, ya yi lamɓu a gefe, wani wurin ya tsattsafo ta gindin gaɓa ya yi kududdufi. Su wa ke zaune a gindin gaɓar? Mutanen kanabi. A nan mata ke wanki, yara ke wanka, a nan ake ɗiban ruwan sha inda babu famfo. Duk binciken da bai ƙirga dodon koɗi da tsutsar sauro ba a wurin kafin aiki, bai kuma gwada fitsari da bayan gidan yaran makarantun da ke kusa ba, ba shi da abin da zai kwatanta da shi bayan shekara uku. In ciwo ya ƙaru sai a ce dama can haka wurin yake.

Laka ma tana da nata labari. Bahar Azrak ya saba sauko da fiye da tan miliyan 100 na laka daga duwatsun Habasha kowace shekara, yawanci tsakanin Yuli da Oktoba. Ita ta cinye fiye da rabin cikin tafkin Sinnar, lakar kogin Atbara kuma ta cinye kusan rabin na Hashmul Girba da aka gina a 1964. Manya suna tuna yadda wuta ke ɗaukewa a Hartum da damina saboda laka da itatuwa sun toshe bakin injunan Rusairis. Yashi kuma yana cin farfelar inji kamar yadda magagari ke cin ƙarfe. Amma kogin da muka sani ya sauya. Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta a 2020, ta buɗe ta a hukumance a Satumban 2025, kuma yawancin lakar a can take kwantawa yanzu. Ga mai inji da mai yashe tur'a wannan sauƙi ne. Ga mai noman jarf, wanda ke jiran ruwa ya janye ya bar masa sabuwar ƙasa ya dasa albasa da tumatir da kuɓewa, da mai kamina da ke buga jan tubali da wannan laka tsakanin nan da Rufa'a, abin tsoro ne. Ruwan da ya rasa lakarsa kuma ya fi cin gaɓa. Abin da ya shafi maganarmu shi ne, duk lissafin ruwa da laka da aka yi kafin 2020 na wani kogi ne dabam. Wanda ya zo da tsohon rahoto ya sake masa bango, a mayar masa da abinsa.

Kifi ba za mu daɗe a kansa ba, ko da yake su sana'ar mutanenmu ce daga Mai Wurno har Rusairis. Karfasa da tarwaɗa suna shiga tur'a, kuma farfela tana sare abin da ya bi ta cikinta. Raga a bakin inji tana magance yawancin wannan, kuma ba ta da tsada in an sa ta cikin lissafi tun farko. Abin da ya fi kashe kifi shi ne ranar wanke laka. A Hashmul Girba an saba buɗe ƙofofi a sake ta gaba ɗaya, kifi ya mutu tuli a kogin Atbara.

Akwai kuma wata dabara da ya kamata mu sani. Tasha ɗaya ƙarama illarta kaɗan ce, saboda haka a ƙasashe da yawa ake yafe mata dogon bincike. Sai a yi ta biyu, ita ma a yafe, a yi ta goma. Babu wanda ya haɗa su ya auna. A 2018 masu binciken kuɗin gwamnatin Sin suka ƙirga ƙananan tashoshi fiye da 24,000 a yankin kogin Yanze, suka tarar koguna 333 sun ƙafe a wasu sassansu, jimlar tsawon da ya bushe ya haura kilomita 1,000. Daga baya sai da aka rushe dubbai. Tur'ar Jazira jiki ɗaya ce daga Sinnar har kusa da Hartum, tana shayar da faddan fiye da miliyan 2 in an haɗa da Managil. Abin da aka yi mata a Kilo 57 ana jinsa a Hasahisa. In za a sa injuna biyar, a auna biyar ɗin tare.

Doka tana nan. Amurka ce ta fara wajabta irin wannan bincike da dokarta ta 1969, ƙasashe suka bi, mu ma dokar kare muhalli ta 2001 ta ce duk aikin da zai iya taɓa muhalli sai an gabatar da bincikensa, kuma akwai majalisar ƙoli ta muhalli da albarkatun ƙasa da ke duba shi. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen ƙirga waɗanda abin ya shafa. Mun taɓa raka wasu masu bincike, a wani aiki da ba na wuta ba, zuwa wani ƙauye a arewacin nan. Suka zauna a ɗakin baƙi da masu hawasha, aka sha shayi, aka cike takardu. Muka ce musu ga kambo can a tsallaken tur'a, mutanensa sun kusa yawan na ƙauyen, kuma su suka fi kusa da ruwan. Babbansu ya duba takardarsa ya ce ba ya cikin taswira. Mota ta juya. Mutanen da suka shekara hamsin a wuri, kakanninsu suka tsinci audugar da aka gina ƙasar nan da kuɗinta, ba su shiga ko layi ɗaya na rahoton ba.

Kada a ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Da aka ƙara wa madatsar Rusairis tsawon mita 10, aikin da aka gama a farkon 2013, ruwa ya hau ƙauyuka da gonaki, aka kwashe dubban gidaje na kabilu dabam-dabam zuwa sababbin garuruwa masu lamba maimakon suna. An gina gidaje, amma maganar ƙasar noma da wanda ke da iko da ita ba ta kwanta ba. A Yulin 2022 rikici ya tashi tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu a Rusairis da kewaye, a Oktoba kuma ya sake tashi a Wad al-Mahi, a cikin waɗannan garuruwa na madatsa, aka rasa ɗaruruwan rayuka. Ba mu ce madatsa ce kaɗai ta haddasa shi ba, akwai siyasa da maganar sarauta a ciki. Amma wanda ya je ta'aziyya a can ya san cewa ƙasa ce a bakin kowa. Ƙaramin inji a tur'a ba zai tashi gari ba, sai dai yana buƙatar fili na ɗakin inji da hanya da turakun waya, kuma filin da ya fi sauƙin karɓewa shi ne na wanda ba shi da takarda. Abin takaici ne a tashi bukkoki goma na kambo don a yi wuta, waya kuma ta bi ta saman sauran ta wuce gari.

Saboda haka in maganar ta taso a yankinku, ko daga gwamnati ko daga wata ƙungiya ko ɗan kasuwa, ku nemi a zauna da ku kafin a zana taswira, a kuma karanta muku rahoton da Larabci, a fassara wa tsofaffi da mata da Hausa. Ku tambayi santimita nawa ruwa zai ƙaru a bayan inji, da kwana nawa a shekara za a bar tur'a ta bushe don yashewa. Ku tambayi wanda zai biya kuɗin gwajin yara da magani, da gida nawa na kambo za a ja wa waya, a rubuta adadin. Ku tambayi kuma wanda zai kula da ƙofa in ma'aikata suka gudu, domin a ƙarshen 2024 ruwa ya shiga gidaje a Jazira Aba da wasu garuruwan Bahar Abyad, aka danganta abin da rashin buɗe ƙofofin Jabal Auliya a lokacin yaƙi. Ya kamata kuma mai bincike ya kwatanta kuɗin injin da na faifan hasken rana mai ba da wuta daidai da shi, tunda rana ba ta yi mana rowa ba, kuma faifai ba ya tare ruwan kowa. Wani wurin inji zai fi, musamman saboda dare, wani wurin rana.

Yaron da ya yi tambayar mun ba shi aiki shi da abokansa uku. Sun kafa sanda mai zane a gefen tur'arsu, inda ba zurfi, kullum da safe kafin su taho makaranta suna rubuta inda ruwa ya kai a littafi. Ranar Alhamis kuma suna jefa kwalbar roba su ƙirga sakan nawa take yi kafin ta ci taku ashirin. Mun hana su shiga ruwan, dodon koɗi kuwa da ludayi mai dogon hannu suke ɗebo shi su ƙirga. Malaman da ke karanta wannan fili a Managil da Sinnar da Damazin, in da hali ku sa ɗalibanku su yi haka. Masu noman jarf da masu kamina kuma muna roƙon ku rubuto mana ta hannun edita abin da kuka gani a gaɓarku daga 2020 zuwa yau, wane wata ruwa ke hawa, wane wata yake janyewa, da kaurin lakar da yake bari. Za mu buga wasiƙun a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.